Black Sabbath: kiɗan leburori ne ko na masu bautar Shaiɗan?

Abba na Villa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, musamman ga manyanmu da ke zaune a Ingila. A watan Janairun 2025, ranar da Aston Villa ta karɓi baƙuncin Celtic a gasar Zakarun Turai, magoya baya sun ɗaga wani ƙaton kyalle mai hoton wani mutum mai dogon gashi. Aka ce mini Ozzy Osbourne ne, mawaƙin ƙungiyar Black Sabbath. Da ya rasu a watan Yuli kuma har kulob ɗin ya yi ta'aziyya. To me ya haɗa kulob ɗinmu da mutumin da ake cewa waƙar shaiɗanu yake yi?

Kawu Sale:
Wa alaikumus salam Abba. Unguwa ce ta haɗa su. Filin Villa Park a Aston yake, su kuma mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar duk a nan suka tashi: Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bas, Bill Ward mai ganguna, sai Ozzy mai waƙa. Uku an haife su a 1948, Geezer a 1949.

A Birmingham nake zaune, Aston ba ta da nisa da ni. Yau idan ka shiga Musulmi ne suka fi yawa, 'yan asalin Pakistan da Bangaladash da Somaliya, ga masallatai ga shagunan nama na halal. Amma lokacin da yaran nan ke tasowa unguwar leburorin masana'antu ce, gidajen jan bulo manne da juna, hayaƙi ko'ina, ga kangayen da bama-baman Jamus suka bari tun Yaƙin Duniya na Biyu, a cikinsu yara ke wasa. Mahaifin Ozzy aikin dare yake yi a kamfanin GEC, mahaifiyarsa tana kamfanin Lucas mai kayan mota, 'ya'ya shida a ɗan ƙaramin gida. Ozzy ya bar makaranta yana shekara 15. Ya yi aiki a mayanka, ya yi aikin gwada hon ɗin mota, ya shiga sata aka kama shi, ya yi mako 6 a gidan yarin Winson Green saboda ubansa ya ƙi biyan tarar, ya ce gara ya ɗanɗana.

A 1968 suka haɗu. Ozzy ne ya manna takarda a wani shagon kayan kiɗa yana neman abokan waƙa, ya rubuta cewa yana da nasa kayan sauti, wanda a lokacin ba ƙaramin jari ba ne. Da farko kiɗan blues na baƙaƙen Amurka suke kwaikwayo, da sunan Earth. Sun yi zaman gidan rawar Star-Club a Hamburg ta Jamus, inda ake sa su kiɗa sau da dama a dare ɗaya, dole suka koyi jan waƙa ɗaya ta yi tsawo. A can hannunsu ya faɗa.

Malam Nasiru:
Kawu Sale, Allah ya ƙara girma, amma ka bi ta gefen tambayar yaron nan. Talauci ba ya wanke kowa. Kundin waƙoƙinsu na farko idan ka buɗe bangonsa gicciye ne a kife a ciki, kuma kowa ya san alamar su wa ce. Waƙar farko tana buɗewa da ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci, sannan a shiga maganar wani baƙin abu da ke tsaye a gaban mutum, har da ambaton Shaiɗan ƙarara. Ranar Juma'a 13 ga wata suka fitar da shi, ranar da Turawa ke camfawa. Duk wannan tsautsayi ne? Ni dai ba na son mu zauna muna ƙawata wa yara abin da zai taɓa musu imani.

Kawu Sale:
Malam, tambayarka a kan hanya take, zan zo kanta. Bari Injiniya ya fara faɗin yadda aka yi sautin ya zama haka, shi ne ya san jita.

Injiniya Bashir:
Na gode Kawu. A wurina duk tarihin hebi metal, wato irin wannan kiɗan jita mai ƙara da nauyi, a kan yatsu biyu yake tsaye.

Tony Iommi yana shekara 17 yana aiki a wata masana'antar fallayen ƙarfe. Ya riga ya ba da sanarwar barin aiki don zai bi wata ƙungiyar kiɗa ƙetare. Ranarsa ta ƙarshe ya je gida cin abincin rana ya ce ba zai koma ba, mahaifiyarsa ta ce a'a, mutum ya ƙarasa aikin da ya ɗauka. Ya koma. Mai kula da injin lanƙwasa ƙarfe ba ta zo ba ranar, sai aka ɗora shi a kai, alhali ba aikinsa ba ne. Injin ya sauko ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, ɗan tsakiya da wanda ake sa wa zobe. Tony kuwa bahago ne, wato da hannun daman yake danne tsirkiya a wuyan jita. A asibiti aka ce masa ya manta da kiɗa.

Wani shugabansa na wurin aiki ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jita na Faransa wanda gobara ta nakasa masa yatsu biyu amma ya ci gaba da kiɗa har ya zama gwani. Daga nan Tony ya ɗauko robar sabulun wanke-wanke ya narka, ya dunƙula ta, ya huda ta da ƙarfe mai zafi daidai kaurin yatsansa, ya zauna yana gogewa har ta yi siffar kan yatsa, sannan ya yanko fatar tsohuwar jaket ya liƙa a kai don kada ta riƙa zamewa. Ku duba fa, waɗannan yatsun ba sa jin tsirkiya ko kaɗan, da kunne kawai yake gane inda ya danna.

Tsirkiya mai kauri tana yi masa zafi, ga shi lokacin ba a sayar da sirara na jita, sai ya haɗa da na banjo, wani abin kiɗa mai kama da gurmi. Daga baya, a kundinsu na uku na 1971, ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin sosai don su yi laushi. Tsirkiya idan ta yi sako-sako muryarta kauri take yi ta sauka ƙasa. Geezer ma ya sauke tasa ta bas ta dace, yana bin Tony sawu da ƙafa. Wannan nauyin da kake ji yana dukan ƙirji, daga nan ya fito. Yau dubban ƙungiyoyi suna sassauta tsirkiya da gangan, yatsunsu goma lafiya lau.

Issoufou Tahoua:
Injiniya ka tuna mini da namu na nan Nijar, Mdou Moctar, ɗan jiharmu. Shi ma bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa, da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Yanzu yana zagaya Amurka da Turai. Kiɗansa daban ne, na Abzinawa ne, amma labarin ya yi kama.

Maman Hanifa:
Ni Hausa nake koyarwa a sakandare, kuma abin da Kawu da Injiniya suka faɗa bai zo mini baƙo ba. Mu ma muna da kiɗan sana'a. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, ga gangar noma. Kowanne idan ka kasa kunne za ka ji motsin aikin a cikinsa. Bill Ward ya taɓa faɗin cewa yana yaro yakan kwanta da dare yana jin dukan manyan gudumomin masana'anta, yana bin su da yatsu a jikin allon gado. To kiɗan maƙeran Birmingham ne aka jona wa lantarki. A lokacin samarin Amurka suna ta waƙar furanni da soyayya da zaman lafiya. Yaron da ya tashi cikin hayaƙi, yana ganin ubansa na dawowa da asuba jiki duk baƙin mai, ina ya ga furen da zai yi wa waƙa?

Malam Nasiru:
Malama, na ji. Amma maƙerin Kano bai taɓa kifa alamar addinin wani ba. Har yanzu ina jiran amsa.

Yakubu Jos:
Malam Nasiru, bari ni da abin ya fi shafa in sa baki, tunda gicciyen namu ne. Na daɗe ina ƙyamar ƙungiyar nan saboda hoton da ka ambata, sai da na karanta waƙoƙin da kaina.

Gicciyen da aka kifa kamfanin faifai ne ya sa, Vertigo, don jan kasuwa. Su kansu sun sha faɗin cewa ba a shawarce su ba. Sunan Black Sabbath kuma daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi. Akwai wata ƙungiya daban ita ma mai suna Earth, ana ta rikita su, dole suka sauya a 1969. Suka lura mutane na bin layi suna biyan kuɗi a sinima don a tsorata su, suka ce to su ma bari su yi kiɗan da zai ba da tsoro.

Ba zan ɓoye ba, Geezer, wanda shi ke rubuta yawancin baitocin, ya yi ɗan zamani yana karance-karancen tsafi, har ya shafe ɗakinsa da baƙin fenti. Amma ɗan gidan Katolika ne masu riƙo, 'yan asalin Ireland. Shi ya ba da labarin cewa wata rana ya farka cikin dare ya ga wani baƙin abu tsaye a ƙarshen gadonsa, ya firgita, daga nan ya watsar da harkar. Waƙar da kake magana a kai wannan firgicin take bayarwa, kuma mai waƙar kuka yake yana neman Allah ya cece shi. A kundi na uku akwai waƙar da daga farko har ƙarshe kira take a yi imani da Allah kafin mutuwa. Sun kuma faɗa cewa masu tsafi na gaske sun gayyace su wasa suka ƙi, aka yi musu barazanar asiri, shi ya sa mahaifin Ozzy ya ƙera musu manyan gicciye na alminiyom suka riƙa ratayawa, a miƙe ba a kife ba. Tony har yau da gicciye yake fita.

Malam Nasiru:
Na gode Yakubu, wannan bayani ne mai amfani, kuma na karɓi cewa ba bauta suke yi ba. Amma sun ci abinci da sunan, sun bar kamfani ya tallata su da shi. Waɗanda suka biyo bayansu kuma wasu da gaske suka ɗauka. A Norway a farkon shekarun 1990 samari masu irin wani reshe na kiɗan nan coci-coci suka riƙa ƙonawa. Wanda ya buɗe ƙofa yana da nasa kason.

Yakubu Jos:
A nan kam ban da ja. Na dai ce kada a ɗora musu abin da ba su yi ba.

Abba na Villa:
To Kawu yaya aka yi suka fito daga gidajen giya har duniya ta san su?

Kawu Sale:
Cikin shekara ɗaya abin ya faru, Abba. Ranar 16 ga Oktoban 1969 suka shiga situdiyon Regent Sound a Landan, suka kaɗa waƙoƙinsu kamar yadda suke yi a dandali, a yini ɗaya aka gama ɗauka. Kundin ya fito ranar 13 ga Fabrairun 1970. 'Yan jaridar kiɗa suka yi masa kaca-kaca, har da Lester Bangs na mujallar Rolling Stone. Gidajen rediyo ba su damu da shi ba. Amma ya kai na 8 a Birtaniya, na 23 a Amurka, saboda yaran leburori irinsu sun ji abin nasu ne, suna faɗa wa juna.

Watan Satumba na wannan shekarar suka fitar da na biyu, Paranoid, ya hau na 1 a Birtaniya. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta ma cike gurbi ce, an ce musu da sauran ɗan fili a faifan, suka haɗa ta cikin abin da bai kai rabin awa ba, ta je ta kai na 4. Asali sunan da suka so ba kundin shi ne War Pigs, waƙar da ke tsine wa manyan sojoji da 'yan siyasa masu kunna yaƙi su koma gefe su tura 'ya'yan talakawa. Lokacin yaƙin Biyetnam na ci. Malam Nasiru, wannan waƙar na tabbata da ka karanta ta za ka ce sun yi gaskiya. A kundin akwai wadda ke gargaɗi kan yaƙin nukiliya, akwai wadda ke nuna yadda allurar ƙwaya ke kashe sojojin da suka dawo daga fagen daga.

Daga 1970 zuwa 1975 kundi 6 suka yi. A Afrilun 1974 sun yi wasa a bikin California Jam gaban mutum wajen 200,000.

Sista Rabi:
Kawu ka yi haƙuri in katse ka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi damuna a labarin nan ba gicciye ba ne. Sun yi waƙar gargaɗi kan ƙwaya, su kuma suka faɗa cikinta tsundum. A 1972 a Los Angeles suka yi kundi na huɗu, Geezer da bakinsa ya ce kuɗin da suka kashe a hodar iblis ya fi na yin kundin. Suna cikin maye manajansu Patrick Meehan yana riƙe da komai, sai da suka farga suka ga gidaje da motocin da suke taƙama da su ba su da iko da su yadda suka zata. Kundin 1975 lauyoyi na shigo musu har situdiyo da takardun kotu suka yi shi. A rangadin 1978 yaran ƙungiyar Van Halen da ke buɗe musu fili sun riƙa shafe su a dandali. Afrilun 1979 suka kori Ozzy saboda shaye-shaye, su da kansu ba tsira suka yi ba.

Kuma don Allah a daina ba da labarin jemagen da ya ciza a dandali a 1982 kamar abin burgewa. Asibiti aka kai shi aka yi ta yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. A 1989 cikin maye ya shaƙe matarsa Sharon har 'yan sanda suka kama shi, shi da ita duk sun faɗi wannan a bainar jama'a. Ina ganin samarin da ƙwaya ta cinye a wurin aikina, shi ya sa ba na iya jin tarihin nan ba tare da wannan ɓangaren ba.

Kawu Sale:
Gaskiyarki Sista, babu abin da zan cire a ciki.

Injiniya Bashir:
Kuma abin da ya biyo bayan korar shi ne hujjata cewa Tony ne ƙungiyar, ba Ozzy ba. Suka ɗauko Ronnie James Dio, Ba'amurke, wanda a fagen murya ya fi Ozzy nesa ba kusa ba. Kundin Heaven and Hell na 1980 ya dawo da su daga bakin kabari. Af, Malam Nasiru, alamar nan ta ɗaga manuni da ƙaramin yatsa da ake cewa ƙahon Shaiɗan ne, Dio ne ya yaɗa ta, kuma ya ce wurin kakarsa 'yar asalin Italiya ya gani, tana yi don kare kai daga kambun baka. Bayan Dio an yi Ian Gillan na Deep Purple a 1983, an yi Tony Martin shekaru da dama. Kowa ya shiga ya fita, Tony Iommi kaɗai ne bai taɓa barin ta ba.

Kawu Sale:
A nan za mu raba hanya Injiniya. Dio gwani ne, Allah ya ba shi murya, amma waƙoƙinsa na dodanni da sarakuna da bakan gizo ne. Da ya shigo, Aston ta fita daga cikin kiɗan. Muryar Ozzy ba ta makaranta ba ce, kamar mutum ne a tsorace yake kiran a kawo ɗauki, kuma ita ta dace da jitar Tony. Ka haɗa da baitocin Geezer da hannun Bill, wanda kiɗan jaz ya tashi yana ji, shi ya sa gangarsa ke lilo ba ta tafiya a sandare. Cire ɗaya, abin ya zama wani abu daban. Su ma sun sani, shi ya sa suka sake haɗuwa a 1997.

Abba na Villa:
Amma wani abokina ya ce ƙungiyar Led Zeppelin ce ta fara hebi metal.

Injiniya Bashir:
Ana wannan gardamar. Led Zeppelin da Deep Purple suna da ƙara da nauyi, amma Zeppelin rabin kiɗansu blues ne da na gargajiyar Turawa. Sabbath ne suka mai da nauyin da duhun suka zama su ne gaba ɗayan abin. Judas Priest, su ma 'yan Birmingham, suka zo suka ƙara sauri da kayan baƙar fata. A 2006 da aka shigar da Sabbath zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, 'yan Metallica ne suka gabatar da su, kuma sun faɗa a fili cewa ba don su ba da babu Metallica. Har Afirka abin ya iso, makaɗan Zamrock na Zambiya a shekarun 1970 sun sha daga gare su, Botswana kuma yau tana da nata ƙungiyoyin metal.

Kawu Sale:
Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda garin ya juyo ya rungume su bayan shekarun da aka yi ana ganinsu 'yan iska. Kundinsu na 2013 ya hau na 1 a Birtaniya bayan shekara 43, ya kuma hau na 1 a Amurka karon farko, alhali Tony na fama da ciwon daji ana yi masa magani. Sun yi bankwana a Birmingham ranar 4 ga Fabrairun 2017, amma babu Bill saboda saɓanin kwantiragi, abin ya tsaya wa mutane a rai. A 2019 aka sa wa wata gada a titin Broad Street sunansu, da benci mai hotunansu. A 2022 Ozzy da Tony suka rufe wasannin Commonwealth da aka yi a garin. Sai ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka hau dandali tare karon farko cikin shekara 20. Ozzy cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, a zaune ya yi waƙa. Kuɗin aka ce na asibitin yara na Birmingham ne da gidan kula da yara marasa lafiya na Acorns da masu binciken cutar Parkinson. Kwana 17 bayan nan, ranar 22 ga Yuli, ya rasu yana shekara 76. Ranar da aka bi da gawarsa ta Broad Street titin ba masaka tsinke.

Malam Nasiru:
Taimakon yara marasa lafiya abin yabo ne ko daga wa ya fito. Matsayina kan kiɗan bai sauya ba, ba na ji kuma ba na ba da shawarar a ji. Amma daga yau ba zan ƙara cewa masu bautar Shaiɗan ne ba.

Injiniya Bashir:
Kawu, batun Dio dai ban sallama ba. Ka ce Aston ta fita daga kiɗan, amma a kundin 1980 ɗin Tony da Geezer da Bill duk suna nan, mutum uku cikin huɗu. Ka sake sauraron waƙa ta huɗu, ka bi bas ɗin Geezer kawai daga farko zuwa inda saurin ke sauyawa, sannan mu yi magana.

Kawu Sale:
Zan saurara in sha Allah idan na taso daga aiki. Amma ka tuna a wannan kundin Dio ne ya rubuta baitocin, ba Geezer ba, kuma Bill ana tsakiyar rangadin kundin ya tattara ya tafi.